Zuwa Ga Masu Gidajen Kallo Na Damagaram: Ku Dubi Layin Gaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƴan'uwa masu gidajen kallo na Birni, Zango, Sabon Gari, Garin Malam, Kara-Kara da sauran unguwannin Damagaram, haɗe da ku masu rumfunan caji da tura fim a salula, ina gaishe ku da sana'a. Allah ya kawo kasuwa, ya sa albarka a abin da ake samu.

Ni malamin lakwal ne. Yaran da ke shiga wurinku da dare su ne ke zama gabana da safe, wannan ne ya ba ni bakin magana. Kuma tun kafin wani ya ninke takardar ya ajiye, bari in faɗa: ban zo neman a rufe gidan kowa ba. Na san kuɗin man gurup idan kuran ya ɗauke, na san kuɗin Canal+ da ake biya duk wata, na san akwai iyali bayan kowace rumfar kwano. Ni ma ina shiga kallon ƙwallo, wani lokaci in tsaya fim ɗin da ke biyo baya. Maganata a kan mutanen da ke zaune ƙasa ce, gaban benci na farko, daf da tele, waɗanda suka biya dala biyar ko dala goma, ko kuma aka bar su suka shiga don sun ɗebo ruwa.

Akwai ihu iri biyu a gidan kallo, kun fi ni saninsu. Na farko shi ne na ƙarshen fim, lokacin da jarumi ya riski shef bandi bayan awa biyu ana zalunci. Ɗaki ya miƙe tsaye, "Ba shi!", "Ƙara masa!", "Yau ka gamu da gamonka!" Wannan ihun ba ni da rigima da shi. Mutumin da ya wuni a rana bisa kabu-kabu, aka zage shi, aka hana shi kuɗinsa, bai da wurin kai ƙara, in ya ga azzalumi ya faɗi ko da a allon tele ne, dole zuciyarsa ta yi sanyi. Son ganin an hukunta mugu ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Na biyun ne ke hana ni barci. Shi a tsakiyar fim yake zuwa. An kama wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, an karya masa hannu, ko an sare masa kai, kyamara ta rage gudu don a ga jini na tsartuwa, sai ɗaki ya ɗauki shewa. Wani daga baya ya ce, "Maida baya! A sake mana wurin nan!" Mai gida ya ɗauki rimot ya mayar. A sake kallo, a sake dariya. Mafi muni, in aka zo inda ƙatti suka tare yarinya suna janta tana kuka, sai ka ji fito na tashi daga benci. Wannan ba murnar faɗuwar azzalumi ba ce, domin a lokacin azzalumin ne ke cin kasuwarsa.

To ku lura da yaro ɗan shekara 8 a daidai wannan lokaci. Abin da ya fara yi shi ne ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska, ya bar ido ɗaya yana leƙe. Jikinsa ya gaya masa gaskiya, abin da ya gani abin tsoro ne. Sai ya waiga. Ba ya waigawa don komai sai don ya ga yadda manya suka ɗauki abin. Ya tarar da yayansa na tafi, maƙwabcinsu mai gemu na riƙe da ciki don dariya. Wani kuma ya dungure masa kai: "Kai matsoraci, mace ce kai? Buɗe idonka!" Daga ranar ya koyi darasi biyu da babu mushe, wato malamin lakwal, da zai iya goge su da sauƙi: cewa azabar wani abin dariya ce, kuma tausayi abin ɓoyewa ne. Gobe in ya dawo ba zai rufe fuska ba. Jibi shi ne zai dungure wa ƙaninsa kai.

Hannun da ya fara riƙe hauya bororo yake yi, kafin damina ta fita ya yi kanta, ko ƙaya ta soke shi ba ya ji. A hannu wannan alheri ne. A zuciyar yaro kuwa asara ce.

Shi ya sa nake ganin masu cewa "fim ne ke ɓata yara" sun faɗi rabin magana. Fim ɗin da yaro ya kalla a ɗakin uwarsa, tana salati tana cewa "wayyo, Allah ya isar wa wannan bawa", daban yake da shi wannan fim ɗin a cikin maza hamsin masu shewa. Hoton ɗaya ne. Abin da yaron ya tafi da shi gida ne ya bambanta.

Ba ni kaɗai na hango haka ba. A 1961 wani masanin halayyar ɗan'adam a jami'ar Stanford ta Amurka, Albert Bandura, ya sa yara ƙanana suka kalli babban mutum yana jibgar wata ƴar tsana ta roba da aka hura wa iska. Da aka bar su da ita, da yawansu suka yi mata irin dukan da suka gani. Ya sake gwadawa da hoton fim maimakon mutum a fili, aka ga kwaikwayon bai tsaya ba. Amma gwajin da ya fi ja hankalina shi ne na 1965: wasu yaran an nuna musu an tsawata wa mai dukan, wasu kuma an nuna musu an yaba masa. Waɗanda suka ga an tsawata sun fi kame hannunsu. Wato yaro ba dukan kaɗai yake kallo ba, yana kallon abin da ya biyo bayan dukan. A gidajenku, abin da ke biyo baya tafi ne. Masana har yau suna jayayya kan ko kallon fim na iya maida mutum ɗan ta'adda, ni ma ban ce yana yi ba. Amma cewa yaro na kwaikwayon abin da ya ga manya sun yaba, wannan ko kakata da ba ta taka ƙofar lakwal ba ta san shi.

Ku zo filin lakwal lokacin hutun ƙarfe goma ku ga sauran fim ɗinku. Kara ya zama adda, abin ja layi ya zama wuƙa, ana tsalle ana shuri sama. Wasan faɗa dai ba sabon abu ba ne ga yara, mu ma mun yi. Abin da nake dubawa shi ne rabon aiki. Wa ake ba jarumi? Mai ƙarfi. Wa ake cewa shi ne bandi, ya tsaya a doke shi? Kullum ƙaramin cikinsu, ko mai in'ina, ko wanda rigarsa ta yage. In ya yi kuka, sauran su fashe da dariya iri ɗaya da wadda na ji daren jiya, har da salon maganar mai fassara. Ba na ma zancen waɗanda ke gyangyaɗi tun darasin farko don sun kai sha biyun dare a waje.

Tunda na ambaci fassara, bari in tsaya nan kaɗan. Da, lokacin da fim ke zuwa da Indiyanci ko Sinanci ko Faransanci, yaro hoto kawai yake bi, harshen ya tsaya tsakaninsa da abin. Tun da fassarar Hausa ta shigo daga Kano, wannan shingen ya faɗi. Ba na musun gwanintarsu, sun iya baki, kuma sun sa tsoho da tsohuwa sun fahimci labarin da da sai dai su yi hasashe. Amma mafi yawan abin da ake fassarawa finafinan faɗa ne na kudancin Indiya, inda mutum ɗaya ke watsa arba'in, kuma mai fassara ya san abin da ke sayar da kaya: ba'a. Ana yanka mutum, shi yana zuba karin magana da baƙar magana ta zamani. Kashegari kalmar ta zama abin faɗa a unguwa. Mai yin fim ɗin can ƙasarsu wataƙila ya so a ji tsoro ko a ji tausayi a wurin. Kafin ya iso Damagaram an shafe shi da barkwanci, an gaya wa mai kallo tun kafin ya yi tunani cewa nan wurin dariya ne.

Na san amsar da wasunku za su ba ni, domin an sha ba ni ita a fada wurin shayi: "Mushe, mu Damagarawa yaushe muka fara tsoron ganin faɗa?" Gaskiya ne. Mun tashi da labarin Sarki Tanimu, ganuwarsa da igwoginsa. Muna zuwa hawan ƙaho mu ga mahauci ya rungumi kan bijimi. Tun 1975 ƙasar nan ke tsayawa cik saboda kokawar takobi, filin kokawarmu ma sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi. Dambe kuwa jini ake fitarwa na gaske. Amma ku tuna yadda ake kallon waɗannan. Akwai alƙali, akwai ƙa'ida, akwai inda ake cewa ya isa. Wanda aka kayar yana da suna, an san garinsu, makaɗi ya wasa shi kafin ya shiga. In ya faɗi ana ɗaga shi, sau da yawa wanda ya kayar da shi ne ke miƙa masa hannu. In mutum ya ji ciwo na gaske, fili tsit yake yi, ba wanda ke cewa a maimaita. Yaron da ya kalli kokawa ya ga ƙarfi, ya kuma ga iyakarsa. A fim ɗin da kuke sakawa, mutum arba'in ɗin da jarumi ya zubar babu mai suna a cikinsu, babu uwar da aka nuna tana kuka, babu jana'iza. Sun faɗi, an wuce, an shiga waƙa.

Ba zan ɗora muku laifin ƴan fale ba, wato ƙungiyoyin samari ƴan daba na unguwanni. Wanda ya ce gidan kallo ne ya haifi fale bai san garin nan ba, ko kuma yana gudun faɗin abin da ya sani. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan jama'a, sama da miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ga yara sun bar lakwal, ga babu aiki, ga matatar mai an buɗe tun 2011 a bayan gari amma matashi na sayar da ruwa-ruwa, wato man fasa-ƙwauri, a kwalba bakin titi, ga tiramol. Waɗannan su ne saiwar. Sai dai matashin da ya rasa komai yana neman kamannin da zai sa, kuma daga allonku yake ɗauka. Fim ɗin gaskiya da ƴar garin nan Aisha Macky ta fitar a 2021, mai suna Zinder, ya nuna wa duniya wata ƙungiya a Kara-Kara da ta laƙaba wa kanta sunan Hitler, har da tutarsa, suna ɗaukarsa wani jarumi ne da ba a iya kayarwa. Ba su san abin da ya yi wa miliyoyin mutane ba, balle abin da yake ɗaukar baƙar fata irinsu. Sun ji dai ana tsoronsa, wannan ya ishe su. A ina suka koyi cewa a ji tsoronka shi ne ƙarshen daraja? Wurare da yawa. Ɗaya daga ciki benci ne.

Yanzu ga ku masu tura fim, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. Abin da ke shiga katin salula a rumfunanku ba fim kaɗai ba ne. A cikin jakar da kuke kira "sabbi" akwai hotunan kisa na gaske: ƴan bindiga sun ɗauki kansu suna harbe mutane, an kama ɓarawo ana dukansa har ya daina motsi, haɗarin mota da gawarwaki a kwance ba a rufe ba. Wasu daga WhatsApp suke zuwa, wasu daga Facebook da TikTok, na sani ba ku kuka ɗauka ba. Amma ku ke tarawa ku zuba wa yaro tare da waƙoƙi a kan dala ashirin. Na ga samari sun haɗa kai bisa salula ɗaya suna kallon irin wannan, abin da ya fito bakinsu shi ne abin da ke fita a gidan kallo: "Kai! Maida baya." Ba su bambanta ba. Wanda ke cikin hoton nan ba ɗan wasa ba ne, ba zai tashi ya wanke jan ruwa ya karɓi kuɗinsa ba. Ɗan wani ne, mijin wata ne. Kuma masu kisan da suka ɗauki hoton, abin da suke so ke nan, a yaɗa a ji tsoronsu. Duk wanda ya tura ya yi musu aiki kyauta.

Kada mu manta da waɗanda muke zaune da su. Tun Fabrairun 2015 da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, mutane suka yi ta kwararowa yamma, wasu a nan suka sauka, wasu har yau ba su koma ba. Akwai sojojin da suka dawo daga daji. Akwai direbobin da aka tare a hanya. Idan ka ga mutum ya tashi a hankali ya fita ana tsakiyar shewa, bai nemi a maida masa kuɗinsa ba, kada ka ɗauka fitsari ya kama shi.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Kowannenku na da baƙin allo a ƙofa inda yake rubuta wasan yau da alli. Kun saba ganin ƴar da'irar nan a kusurwar tele a tashoshin Faransa, mai ɗauke da 10, 12, 16 ko 18, alamar shekarun da bai kamata wanda bai kai su ba ya kalla. Indiyawan da ke yin finafinan nan su ma suna da hukumar da ke ware na manya zalla da harafin A, a can ba a sayar wa yaro tikitinsa. Alamar tana ɓacewa ne a hanya, tsakanin mai kwafi da mai fassara. Ku mayar da ita da allinku. Kai mai gida ka riga kowa ganin fim ɗin, ka san wanda ake yanka a ciki. Rubuta "na manya", ka tsaya a ƙofa ka cika maganarka. Da rana zuwa magariba a sa wa yara ƙwallo, kokawa, barkwanci, finafinan faɗan da ba su wuce shuri da tsalle ba. Bayan isha'i ɗaki ya zama na manya.

Za ku ce kuɗin yaran nan ne ke cika na mai, kuma in ka kore su gidan gaba za su tafi. Haka ne, shi ya sa ban rubuta wa mutum ɗaya ba. In gida ɗaya ya yi, ya yi asara. In gidajen unguwa suka zauna gaban mai unguwa da liman suka yi magana ɗaya, babu gidan gaban da za a tafi. Masu kabu-kabu na da ƙungiya, mahauta na da sarki, ƴan Kasuwar Dole kowane layi da shugabansa. Ku me ya hana ku?

Kuma gara ku yi da kanku. Kano na da hukumar tace finafinai tun 2001, mai ikon ba da lasisi da rufe wuri. Ku tambayi abokan sana'arku na can yadda ake ji idan hukuma ce ta zo da kanta. Ba ta tambayar wa ke sa ƙwallo, wa ke sa yanka, kwaɗo ɗaya take sa wa kowa. Ranar da wani abu ya faru a unguwa, aka ce yaran daga gidan kallo suka fito, mairi da ƴan sanda ba za su tsaya bincike mai tsawo ba. Ni ba na fatan haka, domin in an rufe ku yaran ba gida za su koma ba, lungu za su shiga da salula, inda babu babba ko ɗaya.

Wannan ma shi ne dalilin da ya sa na fi damuwa da ku a kan iyaye, duk da cewa nasu laifin ya fi yawa, kuma ina gaya musu a duk taron iyayen yara. Almajirin da ke zaune gaban telenka, uwarsa na wani ƙauye bayan Mirya ko Magarya, malaminsa bai san ya fito ba. A wannan awa biyun kai ne babban da ke kansa, ko ka so ko ka ƙi. Rimot na hannunka. In aka ce a maida baya wurin yanka, kana iya cewa a'a. In wani ya yi fito lokacin da ake jan yarinya, kalma ɗaya daga bakinka, "Kai, ba ka da ƙanwa?", ta isa ta sauya iskar ɗakin, domin ana jin maganar mai gida. In ka ga an dungure wa yaro kai don ya rufe ido, ka ce a ƙyale shi, shi ne mai hankali a cikinku. Wannan ba ya cin ko dala.

Masu tura fim kuma, ku ware jakar nan ku goge ta. Wanda ya zo nema ku ce babu.

Duk gidan da ke son a zauna kan wannan magana, mu malaman lakwal na unguwarku a shirye muke mu zo, ranar da babu wasa. Ku sa mana lokaci ta hannun mai unguwa.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin lakwal a Zango, Damagaram